Bimbinin Safe: A Nuna Wa Yaro Maciji Tun Da Rana

Karatun yau: Ishaya 11:1-9, Littafin Ƙidaya 21:4-9, Matiyu 10:16

Godiya ta tabbata ga Ubangiji da ya tsare mu cikin dare, ya kuma ba mu aron wannan safiya. Kafin hidimar yini ta ɗauke mana hankali, mu ɗan zauna a gaban Maganarsa.

Kimanin shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, Annabi Ishaya ya hango mulkin da wani Sarki daga zuriyar Yesse zai kafa. Da ya tashi kwatanta mana salamar wannan mulki, dabbobi ya jero, masu ci da waɗanda ake ci, kowa kwance kusa da ɗan'uwansa. A ƙarshen jerin kuwa ya ajiye abin da ya fi kowanne girgiza zuciya: jaririn da bai bar nono ba yana wasansa a bakin ramin maciji mai dafi, babu mai ihu, babu mai rugawa ya fizge shi. Duk uwar da ta karanta wannan wuri, sai gabanta ya faɗi tukuna kafin ta ce amin. Annabin ya san haka. Ya zaɓi tsoron da ya fi kowane tsoro zurfi a zuciyar iyaye, ya ce ranar tana nan tafe da Allah zai tumɓuke shi. Dalilin da ya bayar kuwa shi ne sani: sanin Ubangiji zai game duniya, cuta da ɓarna su ƙare.

Ranar ba ta zo ba tukuna. Har yanzu kububuwa tana sara, har yanzu ana binne yara saboda ita. To, kafin ranar ta zo, me Allah yake so mu koya wa 'ya'yanmu game da abin da ke ba mu tsoro?

Mu mutanen Maiduguri ba daga nesa muke jin wannan tambaya ba. Ranar 10 ga Satumba 2024 gari ya waye mana cikin ruwa. Madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga unguwannin Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Ya kuma shiga gidan zu na Sanda Kyarimi, inda tun shekarun 1970 iyaye ke kai yara ranakun biki, makarantu kuma suke jera ɗalibai su je kallon namun daji. Hukumar gidan ta sanar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, ta kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai ya shiga da su unguwanni. Ko ban da na gidan zu, duk inda ruwa ya cika ramuka sai macizan daji su fito neman tudu, tudun nan kuwa shi ne inda mutane suka taru da 'ya'yansu.

A kwanakin nan kowane uba ya ja wa ɗansa kunne. Amma me yawancinmu muka iya faɗa? "In ka ga maciji ka gudu." Iyakar karatun ke nan. Yaron bai san wanne ne mai dafi ba, bai san inda yake ɓuya ba, bai san lokacin da yake fita ba, bai san abin da zai yi in aka sari ƙaninsa ba. Tsoro muka ɗora masa, muka bar shi hannu wofi. Hausawa kuwa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun lura cewa idon jariri yana saurin hango maciji, amma firgita daga wajen manya yake ɗaukarta. A shekarun 1980 wata masaniya a Amurka, Susan Mineka, ta gwada wannan da birai. Biran da aka haifa a ɗakin bincike ba su damu da maciji ba, ta samansa suke miƙa hannu su ɗauki abinci. Amma da suka ga birin da ya taso a daji ya zabura yana kururuwa a gaban maciji, nan da nan suka kamu da tsoron, ya kuma zauna musu. Yaro ma fuskar uwarsa yake fara dubawa kafin ya san ko zai yi kuka. Abin da ya gani a fuskar, shi zai tafi da shi har girmansa.

Tsoro dai Allah ne ya dasa shi a zuciya domin ya tsare rai, ba zunubi ba ne. Musa ma, ran da sandarsa ta zama maciji a gaban kurmin da ke cin wuta, gudu ya yi. Labari ne da mu da maƙwabtanmu Musulmi duka muka sani. Ubangiji bai tsawata masa saboda gudun ba, amma kuma bai bar shi cikin gudun ba. Ya ce ya miƙa hannu, ya faɗa masa inda zai kama. Abin da ya kore shi ranar, da shi ya shiga fadar Fir'auna daga baya. Haka Allah yake renon bayinsa: ya tsaya kusa da su, ya sa su dubi abin, ya koya musu yadda za su yi da shi.

A Ingila da Amurka da waɗansu ƙasashe akwai al'adar da ta ginu a kan wannan. Mutanen da suka ƙware wajen kiwon macizai marasa dafi sukan kai su makarantun firamare. Yara su zauna a ƙasa su yi da'ira, a gaya musu ban da ihu, ban da tsalle, ban da kai hannu wajen kai. Mai macijin ya kwance bakin jakar yadi, ya sa hannu biyu ya ɗauko shi a hankali. Sau da yawa wata 'yar ƙaramar mesa ce, mai zanen baƙi da ruwan ƙasa, da wuya tsawonta ya wuce mita ɗaya da rabi, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiyar jikinta. Abin da yara ke fara gani ke nan: ashe ita ma tsoronsu take ji. Can sai ta warware, tana fiddo harshe tana mayarwa, malamin ya bayyana musu cewa da harshen take sansano iska, ba da shi ake sara ba. Ya nuna musu idon da ba ya ƙiftawa saboda ba shi da fatar rufewa. Ya gaya musu ba ta da kunne a waje, motsin ƙasa take ji ta muƙamuƙinta. Sa'an nan wanda yake so ya matso ya shafi bayanta da yatsu biyu, daga sama zuwa wutsiya. Yaron da ya zaci zai ji yauƙi, sai ya ji busasshiyar fata mai santsi da ɗan sanyi. Wanda ba ya so ba a tilasta masa, ya kalla daga inda yake zaune. A ƙarshe kowa ya je ya wanke hannu da sabulu, domin jikin irin waɗannan dabbobi yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce 'yan ƙasa da shekara 5 kada su taɓa su.

Ita wannan mesa 'yar Afirka ta Yamma ce. Daga Ghana da Togo da Jamhuriyar Benin ake fitar da ita dubbai kowace shekara, akwai ta kuma a Najeriya. Da macijin yankinmu ake koya wa 'ya'yan wasu, har a ƙasa irin Birtaniya da macizanta na asali iri 3 ne kacal, ɗaya ne mai dafi, shi ma da wuya ya kashe mutum. 'Ya'yanmu da suke kwana suna tashi tare da masu kisa, su ne aka bari babu karatu. Wannan ya isa ya dame mu.

Sai dai in za mu yi irin wannan a Borno, darasinmu ya fi nasu nauyi. Yaron Landan zai iya tashi da tunanin cewa maciji abokin wasa ne, bai yi asarar kome ba. Namu yaron in ya tashi da wannan tunani, mun cuce shi. Dole a haɗa masa abu biyu a zama ɗaya. Na farko, wannan da kake gani a hannun malam halittar Allah ce, ba aljani ba ce, ka dube ta da kyau. Na biyu, duk wanda ka gani a gona ko a bayan ɗaki, ba ka taɓa shi, ba ka jifansa, ba ka binsa. Ka ja da baya a hankali ka kira babba. Dole kuma ya san masu kisan da sunansu da kamanninsu, ko a hoto ko ta bayan gilashi.

Ya san kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Ƙarama ce, tsawonta bai fi kamu ɗaya da 'yan kai ba, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, da dare ta fi yawo. In aka matsa mata takan nannaɗe tana goga ɓawon jikinta da juna, ta ba da ƙara kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen mai. Ita ta fi kowane maciji kashe mutane a arewacin Najeriya, domin dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai ga kamar abin ya zo da sauƙi, daga baya jini ya fara fita ta dasashi da bakin tsohon miki. Ya san kasa, mai kauri da faɗin kai, wadda ba ta cika gudu ba. Kwanciyarta take yi a bakin hanya ta dogara da launinta, sai an taka ta. Ya san kumurci da gamsheƙa masu fasa kai, ya san cikinsu akwai mai feso dafi a ido daga nisan mita 2, taimakon farko kuwa shi ne a wanke idon da ruwa mai yawa nan take. Irinsa yakan shiga ɗaki da dare bin ɓera, ya sari mai barci. Gidan sauron da aka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ba sauro kaɗai yake tsarewa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji yana saran mutum miliyan 4.5 zuwa 5.4 a duniya kowace shekara. Mutum 81,000 zuwa 138,000 suna mutuwa, kusan ninki 3 na wannan adadi kuma suna rasa gaɓa ko su nakasa. A 2017 ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta fito da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Abin ya fi tsanani ga yara, domin dafin da zai shiga babban jiki shi ne yake shiga ƙaramin.

Mu a nan muna da ƙarin dalili. Tun da rikici ya ɓarke a 2009, dubban ɗaruruwan mutane suka baro Bama da Gwoza da Konduga da Dikwa da sauran garuruwa suka shigo Maiduguri. Yara da yawa a sansanin 'yan gudun hijira aka haife su, a can suka yi wayo. Daga 2021 gwamnatin jiha ta shiga rufe sansanonin cikin gari, jama'a suna komawa garuruwansu da gonakinsu. A da, yaron ƙauye kakansa yake bi zuwa gona. A hanya ake nuna masa saɓar maciji a jikin ƙaya, ake ce masa kada ya sa hannu a ramin suri, ya bugi dami da sanda kafin ya ɗauka. Wannan makaranta yaƙi ya watsa ta. Kakannin da yawa sun riga mu gidan gaskiya, jikokin sun koma daji suna baƙi a cikinsa. Wa zai koya musu in ba mu ba?

Yanzu mu shiga jeji tare da Isra'ilawa. Sun gaji da hanya, sun yi gunaguni a kan Allah da Musa, macizai masu zafin dafi suka faɗa musu, mutane da yawa suka mutu. Da suka tuba, roƙonsu ɗaya ne, a kawar musu da macizan. Roƙon da ni da kai za mu yi ke nan. Amma amsar Allah ta zo dabam. Ya sa Musa ya ƙera maciji na tagulla ya ɗaga shi a kan sanda, duk wanda aka sara ya ɗaga ido ya dube shi, ya rayu. Ka yi tunanin uwa a wannan zango. Ɗanta yana kuka, ƙafarsa ta kumbura, ya runtse ido domin ba ya so ya ƙara ganin siffar abin da ya cuce shi. Ƙaunar uwa a ranar ita ce ta tallabo haɓarsa ta ce, "Ɗana, buɗe ido ka duba." Allah ne ya warkar, tagulla ba ta da ikon kome, amma ta hanyar duban nan na biyayya ya zaɓi ya ba da rai. Yesu da kansa ya ɗauko wannan labari a daren da Nikodimu ya je wurinsa, ya nuna cewa shi ma haka za a ɗaga shi. A kan gicciye muna duban abin da ya fi kome ba mu tsoro, wato zunubinmu da mutuwa, a can kuma muke samun rai. Mai bin Almasihu ba a koya masa kau da kai ba.

Ko a aikin likita Allah ya bar mana irin wannan sawu. Maganin dafin maciji daga dafin ake samo shi. A shekarun 1890 wani likitan Faransa, Albert Calmette, ya nuna hanyar: a tatsi dafin, a riƙa sa wa dabba kaɗan-kaɗan har jininta ya haɗa abin da ke karya shi, a tace wannan a yi allura. Har yau haka ake yi, da dawaki ko tumaki. Allurar EchiTAb da aka san asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe da ita, da dafin macizan Najeriya aka haɗa ta, a Birtaniya da Kosta Rika. In aka kawo wanda ake zaton kububuwa ta sara, ma'aikacin jinya yakan ɗebi ɗan jininsa ya zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, ya ajiye ta minti 20 ba mai taɓawa, sa'an nan ya karkata ta. In jinin ya kwarara, dafi ya shiga jiki, sai allura. Duk wannan ilimi, mutanen da suka yarda su tsaya su dubi maciji ne suka samo shi, irin su David Warrell da ya yi bincike a Zariya a shekarun 1970, da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano. Da kowa gudu ya yi ko ya rarumi sanda, da babu allura ko ɗaya. Wa ya sani ko cikin yaran da ke zaune a aji 3 a unguwar Bulumkutu ko Wulari akwai wadda Allah ya shirya ta ɗora a kan wannan aiki, tana jiran ranar da wani zai nuna mata?

Amma a yi hattara. In Shaiɗan ya kasa ɗaure mutum da tsoro, sai ya tura shi ga ganganci, ya ce masa bangaskiya ce. Haka ya gwada wa Ubangijinmu a ƙololuwar Haikali, har da jawo aya daga Zabura, Yesu kuwa ya ƙi gwada Allah. A Amurka an yi wani mai wa'azi, George Hensley, da ya karanta ƙarshen Bisharar Markus ya koya wa mabiyansa ɗaukar macizai masu dafi cikin sujada. A 1955 maciji ya sare shi a wajen taro a jihar Florida, ya ƙi zuwa asibiti, ya mutu. Manzo Bulus bai je neman maciji a tsibirin Malita ba. Kirare yake tarawa domin waɗanda suka tsira daga haɗarin jirgi su ji ɗumi, zafin wuta ya fito da maciji ya maƙale masa a hannu, Allah ya kiyaye shi. Kariyar Allah a kan hanyar hidima take samun bawansa. Wanda ya je tsokana, shi ya kai kansa.

A nan ne maganar gardawa ta shigo. Yaranmu da yawa wurin gardi suka fara ganin maciji kusa, a kasuwa ko a bakin tasha, ana kaɗa ganga, ya rataya shi a wuya, daga baya ya kwance ƙullin magani na sayarwa. Darasin da yaro ke ɗauka a nan shi ne akwai asirin da ke hana sara, akwai layar da ke karya dafi. Wannan darasi ya ci rayuka, domin shi ke sa a kwana da wanda aka sara a gida ana tsaga ana shafe-shafe har lokaci ya ƙure. Littafin Mai Wa'azi ma ya lura cewa gwanintar gardi ba ta da amfani in maciji ya riga shi. Ko macijin tagullar nan na Musa, da mutane suka mai da shi abin ƙona wa turare, Sarki Hezekiya farfasa shi ya yi. Maciji ba abin bauta ba ne, ba kuma kayan asiri ba. Halitta ce.

Halitta kuwa tana da Mahalicci. Littafin Farawa ya lissafta masu jan ciki cikin abubuwan da Allah ya yi, ya kuma ga suna da kyau. Zabura 148 ta kira su su ma su yabi Ubangiji, tare da tsuntsaye da sarakuna da tsofaffi da yara. Agur, a Karin Magana 30, ya sa tafiyar maciji a kan dutse cikin abubuwan da suka fi ƙarfin ganewarsa. Mutum ne da ya tsaya ya kalla har mamaki ya kama shi. Gaskiya ne mai ruɗi ta bakin maciji ya zo wa Hawwa'u, amma magabcinmu Iblis ne, dabbar da ke bin ɓera a bayan rumbu abincinta take nema. Cikin nau'in macizai kusan 4,000 da ke duniya, kimanin 600 ne masu dafi, waɗanda ke iya yi wa mutum mummunar illa kuma wajen 200 ne. Da yawansu ɓeraye da kwaɗi da ƙadangaru suke ci. Mu kuwa mun san ɓarnar ɓera: shi ke cinye hatsi a rumbu, wani irinsa ne kuma ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na kudancin jiharmu. Har maganin hawan jinin nan Captopril, daga binciken dafin wani macijin Brazil aka samo shi. Babu abin da Allah ya yi a banza.

Shi ya sa da Yesu zai aiki almajiransa cikin duniya mai haɗari, maciji da kurciya ya ba su su yi koyi da su, wayon wannan da rashin muguntar waccan. Bai tsaya dogon bayani ba, domin ya san mutanen karkara ne da suka lura da halin maciji. Yana jin tahowar mutum tun daga nesa. Ba ya neman faɗa, in da hanya sulalewa yake yi. Ba ya ɓarnar ƙarfinsa sai an ƙure shi. Irin wannan natsuwa muke so mu gani a 'ya'yanmu: yaron da ya san haɗari sarai, bai rikice ba, bai kuma yi wauta ba. Bulus ya tuna wa Timoti cewa Allah bai zuba mana ruhu mai sa karkarwa ba, cikin kyautai ukun da ya lissafta masa kuwa har da kamun kai.

Zancen bai tsaya kan maciji ba. Yaran garin nan sun ga abin tsoro fiye da shekarunsu: ƙarar bam, gudun dare, ruwa har wuya. Idonsu kullum yana kan fuskarmu. Yadda muke ambaton mutuwa da talauci, yadda muke ambaton maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ko yarenmu ɗaya ba, haka za su ɗauka su riƙe. In muka zabura, za su zabura har tsufansu ba tare da sanin dalili ba. In muka riƙe hannunsu muka ce, "Zo mu duba tare, ga abin da yake haɗari na gaskiya, ga abin da jita-jita ce kawai, ga kuma Allah da ya fi ƙarfinsu duka," to mun bar musu gadon da ambaliya ba ta ci. Yesu ya tuna mana cewa ko mu masu zunubi ba ma miƙa wa ɗa maciji in kifi ya roƙa. Uba nagari ba ya ba ɗansa abin da zai cuce shi. Amma ɓoye masa gaskiya ma cuta ce, sai dai daga baya take bayyana.

Saboda haka malamin firamare da malamar Makarantar Lahadi, ku keɓe darasi guda a farkon damina, ku keɓe wani da kaka, domin lokacin shuka da girbi ne sara ya fi yawa. Ranar 19 ga Satumba ita ce ranar wayar da kai kan saran maciji ta duniya, ku yi amfani da ita. Ku gayyaci wanda ya san aikin: ma'aikacin gandun daji, ko ma'aikaciyar jinya, ko likitan dabbobi, Jami'ar Maiduguri kuwa tana da tsangayar da ke yaye su. In za a kawo mai rai, ya zama marar dafi, a hannun ƙwararre, da yardar iyaye, ƙanana kuma su tsaya ga kallo. In babu, hoto mai kyau ya isa a fara. Kada kowa ya shiga daji kamo maciji saboda wannan.

Ku maimaita wa yara har su haddace. Ba a fita da dare babu takalmi da tocila. Ba a sa hannu a rami, ko tarin itace, ko tarin bulo. A share ciyawa da shara kusa da ɗaki, a rufe hatsi, domin inda ɓera ya samu wurin zama maciji yana biye. In an sari wani, a janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire masa zobe da awarwaro kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Ban da ɗaurewa da igiya, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da baƙin dutse, ban da tsayawa farautar macijin. A yi addu'a, a yi ta a kan hanyar asibiti.

Addu'a: Ya Uba Mahalicci, kai ka yi mai tashi da mai tafiya da mai jan ciki, kowanne da aikin da ka ba shi. Mun kawo maka 'ya'yanmu, na cikin gari da waɗanda suka koma ƙauyuka. Ka tsare ƙafafunsu a gona da hanyar rijiya da wurin kwanciya. Ka ba mu, iyaye da malamai, zuciya mai natsuwa da harshe mai faɗar gaskiya, kada mu gadar musu da firgita, kada kuma mu tura su ga ganganci. Ka warkar da waɗanda ke kwance yau saboda sara, ka ƙarfafa masu jinyarsu, ka buɗe hannun masu mulki su wadata asibitocinmu da allura. Ka ta'azantar da iyayen da suka yi rashi. Ka juyo da idonmu ga Ɗanka da aka ɗaga dominmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, yau da yamma ka tara yaran gidanka ka tambaye su me za su yi in suka ga maciji, me kuma za su yi in aka sari ɗayansu. Ka saurari amsar da kyau, inda suka kuskure ka gyara musu cikin sanyin murya. Cikin makon nan kuma ka sami shugaban makarantarsu ka roƙe shi a yi wannan darasi a aji. Kada ka jira sai an sari wani a unguwarku. Allah ya ba mu wuni lafiya.